Mai Gyaran Rediyo a Kusiri

Rumfata tana bayan tashar kilando:
tebur ɗaya, dalma, gwangwanin sukurori.
Shekara ashirin da uku ina farke cikin rediyo,
ban taɓa tsintar gaskiya a ciki ba, ban tsinci ƙarya ba,
sai waya, sai kashin kyankyaso.

Ran Talata Azawo ya zo da ƙarnin kifi a hannun riga,
ya dangwarar da akwatinsa a gabana.
Ya ce, "Duba min, ko ta lalace, ko an saye ta.
Kullum dare shanu take ƙirgawa,
shanu kaza sun karye a ramin masunta.
Bukkokinmu da suka zama toka fa?
Don ba su da ƙaho ne ba sa shiga labarai?"

Na ce ya dawo Alhamis.

La'asar ba ta yi ba sai ga Adum Jidda,
sanda a kafaɗa, rawani har hanci,
tasa rediyon ɗaure da igiyar maraƙi.
"Wannan 'yar masunta ce," in ji shi.
"Su mazauna, mu kuwa wasu makiyaya.
A Logon-Birni aka binne kakan kakana,
amma a bakin mutumin Yawunde
kullum jiya na iso."

Shi ma na ce Alhamis.

Da dare na jera su kafaɗa da kafaɗa,
kamfani ɗaya, launi ɗaya, har tsatsar batir iri ɗaya.
Na kankare, na liƙa, na murɗa.
Suka buɗe baki tare:
an ɗan samu saɓani, ƙura ta lafa,
perefe ya yi kira a zauna lafiya.
Sai kiɗa. Sai sakamakon ƙwallo.

To ni wa zan kai wa tawa?

Shekarar da muka tsallake kogi cikin dare,
mai karanta labarai ya ce goma sha ɗaya
da Faransancinsa mai karin guga,
aka maimaita da Fulatanci, aka maimaita da Larabcin Shuwa,
goma sha ɗaya.
Ni na riƙe shebur da na dawo.
Goma sha huɗu ne.
Ƙanwata Gumsu tana cikin ukun da lissafi ya zubar,
ita da ta sauka daga kwalekwale
don ta manta kan keken ɗinkinta.
Na murɗa zuwa tashar ƙetare,
su barguna suke ƙirgawa
da buhunan shinkafar da suka raba mana.

Ban ce wakilinsu mugu ba ne.
Na san shi, wajena yake sayen batir.
Yakan wuni a rana yana naɗar kukan mutane,
ya aika kudu da awa guda,
a dawo masa da minti ɗaya da rabi.
Ya ce almakashin ba a hannunsa yake ba.
Ban tambayi hannun wa ba.
'Ya'yansa biyar, kuma wata ya yi nisa.

Alhamis Azawo ya zo da hantsi,
Adum bayan azahar,
ni na tsara haka don kada ido ya ga ido.
Kowa ya ajiye dala ɗari, ya rungumi akwati, ya tafi.
Sai da na zo rufe rumfa
na ga igiyar maraƙi a ƙarƙashin tebur,
na tuna wadda na miƙa wa wa.

Na musanya musu.

Wata huɗu ke nan, babu wanda ya dawo.
Can bakin ruwa masunci yana zagin rediyon makiyayi,
can ruga makiyayi yana tsine wa ta masunci,
kowa ya rantse muryar abokin gabansa yake ji.

Ni dai ƙarfe takwas in ta yi
nakan rage murya har ta mutu,
in ɗora daga inda suka tsaya.
Goma sha biyu: Gumsu.
Sauran biyun har yau ina cigiyar sunansu.