Faifai Ya Cika

Bayan isha'i na jawo kwamfutar ƙungiya
ƙarƙashin fitilar sola.
Sunayen manoman riɗi ɗari da sha bakwai,
ana jiran su a Kaugama kafin hantsi.

Ina kaiwa kan Barau Mai Jaki sai ta cije.
Kibiya ta tsaya cak,
kamar akuyar da ta hango mahauci.
Wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo
da Turancinsa, wai wurin tunaninta ya yi kaɗan.

Na hura mata iska. Na ɗan mare ta a gefe.
Na ce ko zafi ne, na kai ta gindin randa.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Sai na hau turmi a bayan ɗaki, inda sabis ke kamawa,
na kira Uwani 'yar ƙanena, mai karatu a Dutse.

"Baffa, lafiyarta ƙalau.
Faifanta ne ƙarami.
In ya cika takan ari gefen rumbu ta zuba saura,
to rumbun ma ka danƙare shi har wuya.
Taga nawa ka buɗe?"

Na ƙirga. Sha ɗaya.
Dariyarta kaɗai ta cinye min katin hamsin.

"Rurrufe su. Ka share abin da ba ka so,
sai in nuna maka inda ake ƙara mata wurin aro."

Damben bara, na share.
Bikin ɗan kansila, awa uku, na share.
Hotunan buhunan taki tun shekarar ambaliya, su ma.
Can ƙasa na iske muryar Inna,
minti tara,
tana lissafa masu riƙe da kuɗin daddawarta,
tana tari,
tana cewa a yafe wa Lantana.

Wannan na tsallake.

Uwani ta karanto lambobi,
na danna su da yatsa ɗaya,
na kashe, na kunna, na jira tsawon shan kofin shayi.
Barau Mai Jaki ya shiga layi, buhu biyu.

Zakaran farko ya same ni a kan na ƙarshe.

Ni ma faifaina kullum raguwa yake.
Dubi bangon zaurena, duk gawayi:
ranar shuka, bashin Tanimu, awon gero,
da lambar Uwani, wadda a da nake da ita a ka.