Loma ta Farko

Cikina ya zama ganga, Garwa ta shaida,
In na ci tuwon dare sai ya ɗaure tamau,
In sassauta mazagi, in jingina da bango,
Ina jiran gyatsar da ta ƙi fitowa,
Har ladan ya yi kiran farko ban ga barci.

Kanwa na jiƙa, na sha har ta gundure ni,
Ga citta, ga saiwar da wani ya sayar min
A bakin gadar Binuwai ranar Lahadi,
Ya ce kwana uku. Ga shi wata uku,
Ribar da na samu a bakina ɗaci.

Tasalla 'yata, mai aiki a farmasi,
Ta ja ni gun likita kamar ɗan yaye.
Ya danna nan, ya danna can, ya rubuta,
Ya ce ba miki ba ne, ba ƙari ba,
Ruwan da ke narka cima ne ya yi ƙaranci.

Ta kawo kwali, sefa dubu uku,
Ta ce, "'Yan ƙwadago ne aka dunƙule,
Su ke sassara wake da maiƙo."
Ta yi bayani, kunnena na kan babur ɗin wani,
Wannan kam ni na yi sakaci.

Sai na riƙa haɗiya bayan Asuba,
Ciki wayam kamar rumbu a bazara.
Shiru.
Na koma sha in kumburi ya kama,
Isha ta wuce, an wanke kwanuka,
Shi ma shiru, sai ƙarin takaici.

Ta ce, "Baba, ka kira 'yan dako da sassafe,
Motar auduga ba ta ko baro Pitowa ba,
Sun gaji da zama, sun watse.
Jiya kuma ka kira su kaya sun sha ruwa.
Loma ta farko, su shiga tare,
Maganin nan rabinsa ƙwaya, rabinsa lokaci."

To ga wuyar.
Mu shida muke ci a gindin maina,
Akushi guda, miyar yakuwa da kifin Lagdo,
Wa zai zaro ƙwaya gaban jama'a?
Ran da na gwada, dariya har da buga cinya:
"Ilu ya fara cin tuwo da mabuɗi!"
Mai faɗin haka Barau ne mahauci.

Na koma ɓoye ta a naɗin hula,
In yi bismilla, in sosa ƙeya,
Ta bi lomar ta wuce da kurɓin ruwa.
Mako biyu, gangar ta fara saki,
Ba duka ba, amma na ga sassauci.

Da na kai ƙorafin saura, ta dube ni,
Ta ce, "Ƙwaya ba ta da haƙori.
Tun rasuwar Inna kake haɗiya
Kamar wanda aka biyo da sanda."
Na buɗe baki, na rasa abin musu,
Don Hajjo kan zauna ne gefen tabarma,
Tana ba ni labarin gidan biki da tsadar gishiri,
Ina tauna, ina cewa "To, sai me?"
Ashe hirarta ce ke narka min abinci.

Shekaranjiya Barau ya biyo ni rumfa,
Ina ɗaure tayar wani yaro,
Hannunsa a ciki, murya ƙasa ƙasa:
"Wannan mabuɗin naka, da saura?"
Na ce nawa nawa ne, jeka a danna ka,
Ciwon wani ba ya auna na maƙwabci.

Amma da dare ka zauna kusa da ni,
Ka kawo labari, ko na ƙarya ne,
Mai tsawo, Barau, kar ka gajarta,
Ni in tauna, kai ma ka ci.