Dokin Mai Baki

Tun Talata ruwa bai ɗauke ba a Kildare.
Mu huɗu muka fake a ɗakin sirdi,
takalma na ɗigar laka, buta na huci.

Fiachra ya daki tebur: "Clonbrin!
Tsere goma sha ɗaya,
ba dokin da ya ga goshinsa,
wutsiya kawai suka sani."

Orlaith ta ja tsaki:
"Da wa ya kara? 'Yan rakiya.
Ku ce Sceach, goɗiyar da ta karye a ƙafar gaba,
likita har ya zuƙo allurar ƙarshe.
Damina biyu tana ɗingishi,
ta dawo ta ci da tsawon hanci."

Ni na zaro takardata,
daƙiƙa kaza, nauyi kaza, ƙasa jiƙe ko busasshiya.
Suka yi mini ca,
wai agogo bai taɓa hawa doki ba.

Dokin mai baki ya fi gudu.
Mun yi ta sukuwa a zaune
har shayi ya huce.

Tsoho Tadhg bai tofa ba.
Ya yanka tuffa da wuƙarsa,
ya fita ba laima
zuwa turken ƙarshe,
wurin wani akawal mai ido ɗaya
da sau ɗaya tak ya zo na uku.

Ta taga muka hango shi
ya cire hularsa a cikin ruwan nan
kafin ya miƙa hannu.

Fiachra ya ce, "Duk da haka, Clonbrin,"
amma a hankali.