Ninki Na Biyu

Ƙwai shida na karɓo wurin Iya Tasalla,
mai zakaran da ke riga ladanin Gwammaja tashi.
Kwana huɗu suna kwance a akwatin ɗumi.
Yau na ɓula ɓawon ɗaya da bakin almakashi.

Ga shi ƙarƙashin madubi,
bai kai ƙwayar wake ba, ya lanƙwashe kamar mai jin sanyi.
Ba baki, ba haɓa.
Ninki ne jere a gefen wuya
kamar habar zanen da aka tattare.

Malam Ɗanjummai ya nuna da tsinin fensir:
wannan na farko, na tauna ne,
shi zai ɗaga muƙamuƙi kan tsaba ko tuwo.
Na biyun fa, kifi ya riƙe abinsa yana shaƙar ruwa,
kaza ta bar nata a maƙogwaro,
mu namu ya ƙi zama.
Ya haura kunci, ya zagaye ido, ya kewaye leɓe,
yana jan jijiyarsa a baya kamar akuya da igiya.
Harshe ma baƙo ne, daga ƙeya ya yo ƙaura.

Ina rubutawa, hannuna na rawa,
don na baro Baba a zaure da kofin shayi
rabi a ciki, rabi a gaban riga.
Wata uku ke nan da gefen hagu ya saki.
Mutumin da ke gyaran agogo a bakin Kurmi,
ya matse gilashi da fatar ido tun hantsi har la'asar,
yanzu idon ba ya rufuwa ko a barci.
Masu dubiya suka ce iska ce.
Shi dai ya ce a juya masa madubin ɗaki bango.

Sai malam ya ƙara wata, kamar abin banza:
tsokar fuska da wani sashen zuciya
daga fili ɗaya suka taso,
kafin kowa ya kama hanyarsa.
Na ajiye biro.
Ashe masu cewa labarin zuciya a tambayi fuska
zumunci suka gano, ba su sani ba.

Da magariba na sauka a adaidaita, na ɗumama man zaitun.
Daga gindin kunne nake farawa,
in bi hanyar da naman ya bi tun yana cikin Kaka,
kunci, gefen hanci, kusurwar baki,
ina tuna masa turbar da ya taɓa takawa a duhu
ba mai riƙe masa fitila.

Na ce, Baba, ka san da kayan kifi kake dariya?
Ya harare ni da ido ɗaya.
Dama ta yi murmushinta, ta daɗe tana jira.
Hagu shiru.

Sai can, ƙarƙashin babban yatsana,
wani abu ya motsa,
ɗan kaɗan,
kamar abin da na gani da safe cikin ƙwai.