Kwanon Ruwa a Cikin Fiyano

Ƙarti shida ne suka shigo da shi gidanmu a Gwammaja,
sai da aka cire ƙyauren zaure.
Baba ya saye shi a hannun wani Kwara mai kantin yadi
da zai koma ƙasarsu.
Biya uku aka yi, cikon da buhun gyaɗa.
Inna ta leƙo daga madafa ta ce,
"Wannan akwatin surutun kuma, me zai ci?"

Shekara ashirin da bakwai ke nan.
Yanzu takardar aiki ta zo mini daga Maleshiya,
inda aka ce shanya takan kwana biyu a igiya
ba ta bushe ba,
takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado.

Na kira Baba Dogara daga Sabon Gari,
shi ne ke ɗaure masa tsirkiya tun ina 'yar firamare.
Ya buɗe cikinsa, ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa
kamar mai zaɓen kankana a 'Yan Kaba.
Ya ce, "Ladidi, itacen nan ya zama Bakano.
Ya sha zafin Afrilu har ya tsuke, ya zauna a haka.
Ki kai shi gari mai laima,
haƙoransa su kumbura su cije,
ki danna, su ƙi tasowa.
Tsirkiya ta yi tsatsa, gam ya saki,
gudumomin nan su jiƙe kamar gurasa a romo.
Kafin ma nan, wata biyu a kwantena a kan teku."

Na ce, to su can yaya suke yi?
Ya ce, "Ƙwan lantarki suke rataya masa a ciki
ya riƙa gasa shi dare da rana.
Nan ruwa muke ba shi, can wuta."

Sai ya durƙusa, ya zare allon ƙasa.
Ga kwanon silba nan a lungu, mai lotsattsen baki,
wanda Baba ke cikawa duk rani
don kada katako ya tsage.
Baba ya rasu shekara tara.
Ni ban taɓa tuna kwanon ba.

Cike yake.

Baba Dogara ya tsoma yatsa, ya dube ni.
Na dubi ƙofa.
Inna na tsaye da buta, tana gyara bakin mayafi.
Ta ce, "Duk Juma'a, in na gama wa kaji.
Abin da ke cikin gida ai ba a barinsa da ƙishi."
Ita da ba ta taɓa danna haƙori ɗaya ba,
ita da ke rufe tagarta in na fara bitar yamma.

Na riga na karɓo farashin masu jirgi,
na riga na auna faɗinsa da tef,
na ninke takardar a jaka.
Da daddare na fito da ita na juya bayanta
na rubuta abin da zai shiga akwati:
daddawa, kuka, yajin Inna, zannuwa huɗu.

A can zan sayi na lantarki, in ji su,
mara nauyi, mara ƙishi,
ba ya kumbura, ba ya tsagewa,
ana jingine shi bayan ƙofa kamar tabarma.
Ni ce dai ban sani ba
ko zan cije a can, a danna ni in ƙi tasowa.
Ban tambayi Baba Dogara wannan ba.
Kuɗin mota kawai ya karɓa.

Asubar tafiya, direba na ta hon a waje,
na koma ɗauko fasfo a kan tebur.
Ta labule na hango ta, butar a ƙasa,
ta ɗaga murfin a hankali,
ta sa yatsa ɗaya a can ƙarshen dama,
inda sautin yake siriri
kamar cokali ya taɓa kofin shayi.

Ta danna.
Ta tsaya tana saurare har ya ƙare.