Ƙotar Bahago

Ni Nomau na Jiratawa, bahago ne tun ina goye.
Da hagu nake shuka, da hagu nake jifa,
dama kam ta cin tuwo ce da gaisuwa.
Bindigar da na gada ta masu dama ce,
in na ɗana ta, kuncina take mari,
ko biri guda ban taɓa kayarwa da ita ba.

Aka ce tafi Maradi, ka shiga Mokoyo,
ka tambayi Hankurau maƙeri.
Na same shi bakin zuga.
Ya auna kafaɗata da igiya kamar tela,
ya ce runtse ido ɗaya, ya duba wanne na runtse,
ya ce icen ƙirya zai sassaƙa mini,
kunamar ta zauna inda yatsana yake so.
Jikka goma sha biyar na ajiye,
kuɗin albasata buhu guda.
Ya ce: "Kasuwa uku." Ban nemi shaida ba.

Kasuwa uku ta wuce, ta haifi tara.
Masara ta yi goyo, birai suka yi suna,
suka gayyato dangi daga bakin gulbi.
Na kira salularsa da safe, na kira da almuru,
wata mace ke ɗauka, ta yi mini Faransanci,
kullum maganarta guda,
ko gajiya ba ta tambaye ni ba.

Na aika Ciwake mai kabu-kabu,
ya komo ya ce ƙofa da kwaɗo.
Na aika da goro, goron ya shiga,
amsa ba ta fito ba.

Sau huɗu na je da ƙafata.
An ce yana Tibiri wurin ta'aziyya.
An ce yanzu-yanzu ya fita.
An ce barci.
Ran na huɗun na ga takalmansa a bakin zaure,
na ji tari, tarin da na sani,
yaro ya dube ni ya ce ba ya nan,
bai ko ƙifta ba.

A hanya na shirya zagi kala-kala,
na wasa su kamar lauje.
Matata ta ce kai shi gun mai unguwa.
Na ce sai na ga idonsa tukuna.
Ashe maganar da na faɗa ban san nauyinta ba.

Ran wata Juma'a ban yi sallama ba, na kutsa.
Murhu ya mutu, gizo-gizo ya yi saƙa a zugazugi.
Yana zaune bisa uwar maƙera,
ya juyo, ya dubi gefen da ba ni,
ya ce: "Wane ne?"
Idanun nan fari fat kamar an ɗiga nono.
Duk laujen da na wasa,
ko ɗaya bai fita kube ba.

Ya lalubo ƙarƙashin tabarma ya miƙo ƙota.
Ƙirya ce, ta sha mai, santsi kamar goshin jariri.
Na kai ta kafaɗar hagu, ta zauna
kamar tare aka haife mu.
Ya ce: "Ice hannu ke ganinsa.
Ƙarfe kuwa sai ido, ƙaryarsa kisa ce.
Kuɗinka na kai wa likita, ina jiran layi.
Kunya ta hana ni ɗaukar waya."
Ban ce na yafe ba. Ban ce biya ni ba.

Yanzu ƙotar na gona.
Na ɗaura mata karan dawa a madadin bututu,
na rataya wa mutum-mutumi, a hagu.
Kwana biyu birai suka yi nesa.
Ran na uku babbansu ya zo ya zauna kusa,
yana ɓare masarata, yana duban aikin Hankurau.
Shi ma, ina ji, bai ga aibin sassaƙar ba.