Takardar Ƙosai

Ran Talata da dare aka yi kame a Aboabo,
aka kwashe duk wanda ke bencin mai shayi,
har da Masa'udu, ɗana, da kofi a hannu,
ko sukari bai kai ga motsawa ba.

Ni mai gyaran rediyo ne.
Shekara arba'in ina buɗe cikin akwatin da manya ke magana,
na san wayar da in ta tsinke, shugaba ma sai ya yi gum,
amma ban san ƙofar da talaka ke bugawa ba.

Laraba, caji ofis: "Baba, je ka dawo."
Alhamis: "Mai gidan ya fita."
Na dawo ina jan ƙafa kamar batir ya yi sanyi.

Juma'a da safe na sayi ƙosai wajen Barikisu,
na sidi biyar, ta ɗora gyara biyu,
ta naɗe a wani shafi da aka yago daga littafin makaranta.
Zan jefar, Zaliya jikata ta riƙe hannuna:
"Kaka, tsaya. Wannan tsarin mulkin ƙasa ne."

Mai ya ratsa takardar har ana hango rana ta cikinta.
Ta bi da yatsa, tana juya mini da Hausa:
wanda aka kama, a faɗa masa dalili
da harshen da yake ji,
a bar shi ya nemi lauya,
in awa arba'in da takwas ta cika,
ko gaban alƙali, ko gaban uwarsa.

Na ƙirga da gaɓoɓin yatsu kamar mai tasbihi.
Tun jiya da dare suka shiga bashina.

Na ce, to wa zai tilasta mai bindiga?
Ta nuna murhun Barikisu da haɓa:
"Dutse uku ne, Kaka.
'Yan majalisa a Ankara su yanka doka,
shugaba ya ɗinka, alƙali ya gwada ko ta zauna.
Ran da dutse ɗaya ya ce shi kaɗai ne murhu,
kasko ya karkace, mai ya bi wuta.
Shugaban ma haya yake:
shekara huɗu, in an yarda ya ƙara huɗu,
sai ya naɗe tabarmarsa."

Yarinya ce, ba ta ga abin da na gani ba.
Na ga asubar da rediyo ya tashi da badujala,
na ga an kwantar da matan kasuwa ana zabga musu bel
a kan kuɗin gwangwanin madara.
Ran nan ba wanda ya ɗaga takarda,
takardar ma ɓuya take yi.

Na sa babbar rigata ta Juma'a.
Na shimfiɗa shafin a kan kantar saje,
ƙamshin ƙosai ya cika ofishin.
Ya yi dariya har hularsa ta goce.
Sai ya karanta. Sai ya dubi agogon bango.
Sai ya shiga ciki, ya daɗe.

Bayan la'asar suka ba ni Masa'udu beli,
ba takalmi, ba wanda ya ce yi haƙuri.
Da muka juya, na ji tari daga bayan ƙarfe:
mutum biyar na bencin nan suna ciki,
waɗanda iyayensu ba su sayi ƙosai ba.

Na kafe shafin da ƙusa a bangon shagona,
tsakanin kalanda da matattun rediyoyi.
Kiyashi na zuwa lasar man kullum.
Ina kore su da tsintsiya,
kada su cinye mini arba'in da takwas,
gobe da sassafe zan koma da ita.